Tauraro Ɗaya

Wani dare na ji kuka daga kicin, kamar an rufe zanzaro a gwangwani. Ya yi gurnani ya tsaya, ya sake yi. Ɗakina yana bayan gidan abincin ƙanwata, bango ɗaya ne tsakanin gadona da inda ake jera tukwane. Na ɗauki tocila na shiga. Babbar tukunyar miya ce ke kakkarwa ita kaɗai, murfinta a rufe. Na daɗe a tsaye kafin na ɗaga murfin. Wayar shago ce a ciki tana haske, ashe nan ƙanwata ke ɓoye ta saboda ɓarayi.

Da safe 'yarta Auta, wadda ita ce mai boko a gidan, ta yi mana bayani. Ta ce akwai shafi a intanet inda wanda ya ci abinci a wani wuri yake rubuta yadda ya ji, ya ba da taurari. Biyar yabo ne, ɗaya zagi. Baƙi nan suke dubawa kafin su zaɓi inda za su ci, kuma baƙin ne rabin cinikinmu. Duk wanda ya yi rubutu a kanmu, wayar sai ta yi wannan kuka. Na daren jiya tauraro ɗaya ya ba mu, ya ce ya tsinci ƙusa a shinkafa a benenmu na sama. Mu kuwa ba mu da bene.

Wasu suka biyo baya. Wannan ya ce ɓera ya bi ta kan ƙafarsa, wancan ya ce 'ya'yansa sun kwana asibiti. Babu mai hoto a cikinsu, sai wani kai mai ruwan toka, ba ido ba baki. Na riƙa tunanin wane gari ne mutanensa ke da irin wannan kai, kuma me suke ci a can. Auta ta kai ƙara ga masu shafin, aka ce ana dubawa. Teburan gefen taga, inda baƙi suka fi so, suka fara wuni ba kowa sai ƙudaje.

Ƙanwata da tukunya ɗaya ta fara wurin nan bayan rasuwar mijinta, kuma ba ta da wata sana'a. Ta kai kukanta ga maƙwabcinmu mai aski, mutum mai surutu da son taimako, wanda kullum yake tsokanata wai kaina ne kaɗai a layin da ba ya kawo masa ciniki. Bai bari ta gama ba. Ya bugi ƙirji ya ce ta bar masa komai. Ba wanda ya ɗauki maganar da nauyi, domin haka yake faɗa ko fanka ce ta lalace.

Sai rubutun ya canja. Tauraro ɗaya dai har yanzu, amma babu ƙusa babu ɓera, kuma waɗannan suna da fuska. Auta ta karanta mana muna zaune a kan buhunan albasa.

"Muna ganinku kullum."

"Mun san lokacin da kuke buɗewa da lokacin da kuke rufewa."

"Har tsohon da ke zama bakin ƙofa da rediyo mun san shi."

Na kashe rediyon da ke cinyata. Na ƙarshe shi ne ya sa ƙanwata ta dafe bango: "Maman Auta, ba za mu bar ki ba."

Abin da na lura shi ne duk maza ne, kowa da gyararren gashi, tsaf kamar masu zuwa neman aiki. Na faɗa, Auta ta ce, "Kawu, don Allah, ba lokacin wannan ba ne."

Daga ranar gidan ya zama wani iri. Ƙanwata ta hana Auta fita zubar da ruwan wanke-wanke ta ƙofar baya. Ta riƙa ɗanɗana kowace tukunya kafin a zuba wa mutum, ko wani ya jefa wani abu. In mutum ya wuce ya yi mata murmushi, sai ta shige bayan labule. Wani mai sabon aski ya leƙo ya ɗaga mata yatsa ɗaya yana dariya, faranti ya suɓuce mata ya tarwatse. Wayar kuma ba ta daina ba. Muka naɗe ta a tsumma muka tura ƙasan buhun shinkafa, duk da haka ina jin ta ta cikin bango, kamar wani abu mai rai da aka binne bai gama mutuwa ba.

Auta ta ce a je wurin 'yan sanda. Uwarta ta ce a je a ce musu wa? Sun san ƙofarmu, mu ba mu san tasu ba. Ta ce abinci ba zai sa ta rasa 'ya ba. Ta mayar wa mai ginin makullin gaba, shi kuma bai ɓata lokaci ba ya ba wani mai sayar da tayoyi.

Ranar da motar kaya ta zo, ana ɗora tukwane, na hau kujera ina kwance allon sunan shagon. Sai ga mai aski ya fito da almakashi a hannu, ya tsaya yana kallonmu baki buɗe.

"Maman Auta, ina zuwa haka? Yanzu da aiki ya fara kyau?"

Ta tambaye shi wane aiki.

Ya ce ai duk wanda ya zauna a kujerarsa, ba ya tashi sai ya miƙo waya. Wanda ba shi da shafin ya buɗe masa, ya ɗauke shi hoto nan take da sabon askinsa. Ya ce yawancinsu ba su taɓa cin abincinta ba, shi ya sa ya ce kada su yi ƙarya a kan miya, su rubuta dai abin da zai kwantar mata da hankali, ta san layin nan yana tare da ita, ba za a bar ta ita kaɗai ba. Su waɗancan masu ƙusa da ɓera bai san su ba, amma ya rantse mutanensa sun ninka su.

Auta ta tambaye shi a hankali taurari nawa ya ce su danna.

"Ɗaya mana, 'yata. Ni da kaina nake danna musu. Uwarki zan kai na biyar?"

Direba ya ɗaure igiya ta ƙarshe. A cikin motar, can ƙasan kaya, wayar ta sake yin kukanta a cikin tukunya. Mai aski ya dubi ƙanwata, ya dubi Auta, ya ɗago kai ya dube ni a kan kujera da allo a hannu.

"Wai ba na ɗaya ne gwani ba?"