Mijin da Aka Auro Gidan Laima

A garin Hemei babu wanda bai san cewa Tu Shuiwang auro shi aka yi ba. Mahaifinsa ɗan ƙodago ne a gonakin rake, ya yi ta yankan raken wasu har tari ya kwantar da shi, ya mutu bai bar wa ɗansa ko abin sadaki ba. Tsoho Nian kuwa yana da 'yar rumfar gyaran laima da 'ya tilo, Baozhu, babu namiji. Sai aka yi irin cinikin da aka saba: saurayi ya tattara komatsansa ya tare a gidan amarya, ɗan fari ya ɗauki sunan gidan Nian, na biyu ya ɗauki na ubansa. Mutanen gari suna kiran irin wannan ɗan farin harajin uwar alade, wai kamar ɗan aladen da ake biyan mai uwar da shi, kuma a gaban Shuiwang suke faɗa, don ba sa ganin yana da fuskar da za a ji kunya.

Ɗan farin ya zo, aka sa masa Nian Mingda. Na biyun ne bai taɓa zuwa ba. Da ciwon ajali ya kama Tsoho Nian, ya kira surukinsa ya ce ba zai tafi da hakkinsa ba, in Mingda ya haifi namiji na biyu, wannan yaron na gidan Tu ne. A gaban Baozhu ya faɗa, da ɗan ƙanensa Jinfa.

Kafin nan rumfa ta daɗe da zama kamfani. Shuiwang ne ya sayo tsohon injin lanƙwasa waya ya dasa shi a tsakiyar falo, har sai da aka matsar da teburin da ake kunna wa kakanni turare gefe. Baozhu tana ɗinki, matan unguwa suna ɗiban ƙarafa a kan keke su kai gida su harhaɗa, yara na taya su bayan makaranta. Ƙanen Tsoho Nian ya ba da gonarsa aka gina babbar rumfar kwano, shi ya sa ɗansa Jinfa ya shigo ciki. Laimar Hemei ta cika kwantena ta ƙetara teku, aka zuba wa hanyar gari kwalta, gidajen laka suka koma benaye. Jaridu sun yi ta yabon kamfanonin dangi, wai su suka ɗaga tsibirin da garin yake daga talauci. Gaskiya suka faɗa, sai dai ba su taɓa tambayar waye a cikin dangin ya bar yatsa biyu a bakin inji ba. Sunan da ke kan allon ƙofa Nian ne. Ma'aikata suna ce wa Baozhu uwar gida, Jinfa maigida, shi kuwa A-Wang kawai, kamar yadda ake kiran direba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Duk wannan bai dame shi ba kamar abu guda. A al'adarsu, matattu daga hannun masu sunansu suke ci. Allon sunan mahaifinsa ba shi da wuri a teburin kakannin Nian, don haka a ɗakin ajiya na bayan kamfani yake, a kan wata kanta tsakanin kwalaye. Can Shuiwang yake kai masa turare da shinkafa. Ran da shi ma ya mutu kuwa shi ke nan, babu sauran Tu a duniya da zai kunna wa tsohon turare, sai ya shiga sahun mayunwatan fatalwa masu yawo, waɗanda ake ajiye wa abinci a bakin titi a wata na bakwai don kada su yi ɓarna. Mutumin da ya sha yunwa yana da rai, a ce ya ci gaba da shan ta a lahira. Wannan tunanin yana cin Shuiwang, kuma yana ƙara cinsa tun da gwiwoyinsa suka fara ciwo.

Shi ya sa da matar Mingda, Sulan, ta haifi namiji na biyu, Shuiwang ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya yi aski, ya sayo kaji da man riɗi don abincin mai jego, ya je ɗakin ajiya ya yi wa mahaifinsa albishir. Bai ma buɗe baki ya roƙa ba, Mingda da kansa ya same shi a gindin inji.

"A-pa, ban manta maganar kaka ba," in ji shi, yana kiransa Baba da harshensu. "Alkawari kaya ne. Kafin walimar cikar wata zan je in yi masa rajista da Tu."

Ya faɗa yana kallon ƙasa, fuskarsa babu walwala, amma Shuiwang bai so ya ga wannan ba. Haka kuma bai so ya ga cewa Sulan ta daina amsa gaisuwarsa ba, in ya shigo ganin jariri sai ta juya wa bango fuska. Ya ce a ransa zafin jego ne.

Akwai wata doka da Tsoho Nian da ƙanensa suka kafa tun ranar da aka gina rumfar kwano: kamfani na 'yan Nian ne, kuma kowane ɓangare nauyin maganarsa gwargwadon jikoki maza masu sunan Nian da yake da su. Jinfa yana da jikoki biyu. Ɓangaren Baozhu guda ɗaya, sai wannan jariri. Shuiwang ya san dokar kamar yadda kowa ya san mutuwa, ya sani amma bai taɓa zama ya dube ta ba. Ba a taɓa kiransa taron dangi ba balle ya ga amfaninta.

Jinfa ne ya zo ya sa shi ya duba. Wata safiya ya shigo rumfar inji da farar rigarsa, yana tauna ɗan goron nan na mutanen tsibiri mai rina baki ja, riƙe da kwalbar giya mai tsada da ƙaramin zoben zinariya na jarirai. Tun da suke tare bai taɓa ba Shuiwang ko karan sigari ba.

"A-Wang, ashe kai ne ɗan halak a garin nan," ya ce da ƙarfi don ma'aikata su ji. "Ni shaida ne, a gabana baffa ya yi maganar. Duk wanda ya ce zai hana ka yaron nan, ka turo shi wurina."

Shuiwang ya yi godiya, ya goge hannu a wando ya karɓi kayan.

"Ka biya harajin aladenka tuntuni, yanzu lokacin cin riba ne," in ji Jinfa, ya tofar da jan yawu a gwangwani. Sai ya shafa jikin tsohon injin. "Wannan kakan naka zai jure tafiyar jirgin ruwa kuwa? Ko a sayar wa masu gwangwan?"

"Ina za shi?"

"Ƙetare mana. Can ma'aikaci goma kuɗin ɗaya na nan. Ɗanka ne yake ta taurin kai, wai matan unguwa, wai tsofaffin ma'aikata. Kamfani ne ko gidan marayu? To, bayan walima sai mu zauna."

Ya tafi yana fito. Ruwa ba ya tsami banza, sai a lokacin Shuiwang ya gane abin da aka zo taya shi murna a kai. In yaro ya zama Tu, Jinfa biyu, Mingda ɗaya. Za a kwance injuna a ɗora a jirgi, a rufe rumfar kwano, Mingda ya koma yaron ɗan baffan uwarsa a wata ƙasa ko ya zauna gida babu aiki. Shi kuma jaririn zai tashi a gidan Nian ba shi da ko ƙusa a kamfanin, yana kallon wansa yana gado, ana kiransa da guntun suna kamar yadda ake kiran kakansa. Ya dubi matan da ke zaune a layi suna ɗaura yadi a jikin ƙarfe. Wasu tun suna goye a bayan iyayensu ya san su. Kwalbar ta yi masa nauyi a hannu, ya ajiye ta a ƙasa.

Da rana ya sami Baozhu a ɗakin girki tana rina ƙwai ja na walima, hannuwanta jawur har wuyan hannu. Mace ce mai kaifin baki, ta yi shekaru tana juya shi kamar waina, amma ran nan ba ta ɗaga murya ba. Ya tambaye ta ko ta san abin da Jinfa yake shiryawa. Ta ce duk gari ya sani, shi kaɗai ne ya toshe kunne. Ya ce me ya sa ba wanda ya gaya masa. Ta ce Mingda ne ya hana, ya ce an ƙwace wa ubansa komai, ba zai ƙwace masa wannan ba, ko da kamfani zai tafi.

Wannan maganar ta fi ta Jinfa zafi. Ya zauna a kan kujerar roba, ya dube ta.

"To ke me kika ce?"

"Ni? Tsoho, da wane baki? Ubana ne ya yi alkawarin, ina tsaye. Na ci guminka, ɗana ya ci sunanka. In na ce ka bari, na zama azzaluma. In na ce ka karɓa, na rufe wa ɗana kamfani." Ta tsamo ƙwai ta jera a faranti. "Ba ni ke da yunwar ba, ba kai ba. Je ka tambayi mai ita."

Lokacin hutun rana ne, an kashe injuna, ma'aikata sun shimfiɗa kwalaye suna barci. Kamfanin ya yi tsit. Shuiwang ya shiga ɗakin ajiya ya tura ƙofa, ya kunna turare ya soka a gaban allon. Ya ɗauko itatuwan tambaya, guda biyu jajaye, kamar goro da aka ɓare biyu, kowanne da gefe mai tudu da gefe shafaffe. In aka jefa ɗaya ya kife ɗaya ya kwanta rigingine, mamaci ya yarda. In duka suka kife, ya ƙi.

Ya durƙusa da kyar. Ya yi wa mahaifinsa bayani tiryan-tiryan, yadda ake yi wa tsohon da bai san harkar kamfani ba: maganar Jinfa, da jirgin ruwa, da matan unguwa, da yaron da zai tashi bare a gidan da aka haife shi. Ya ce muddin yana numfashi ba zai rasa shinkafa ba, kuma zai roƙi Mingda ya riƙa tunawa da shi ko da a ranakun biki ne. Bai ce 'ya'yan Mingda ba, don ya san ƙarya ba ta da amfani a nan. Sai ya tambaya ko ya yarda a bar yaron ya zama Nian, ya ɗaga itatuwan daidai goshi ya sake su.

Suka bugi siminti suka yi tsalle. Duka a kife.

Ya tattara su, ya sake bayani da murya mai taushi, ya ce wataƙila bai faɗa daidai ba. Ya tuna wa tsohon cewa shi ma ya san ciwon ganin ɗa yana aiki a gonar wani. Ya jefa. A kife. Ya sake, ɗaya ya gangara ƙarƙashin kanta sai da ya kwanta da ciki ya lalubo shi da guntayen yatsunsa, shi ma a kife yake.

Bai ji haushin mahaifinsa ba. Me ya sa zai yarda? An yi masa alkawari, ya jira tsawon rayuwar mutum guda a kan kanta cikin ƙura, sai da abinci ya zo bakinsa a ce ya haƙura. Tsohon yana raye ba a taɓa tambayarsa ra'ayinsa a kan komai ba, yau da aka tambaye shi ya faɗa. Shuiwang ya kifa goshi a siminti ya yi kuka, kukan tsofaffi marar sauti, ya ji kunya irin wadda bai ji ba ko ranar da ya shiga gidan Nian da ƙunshin kayansa ana yi masa dariya.

Da ya ɗago, ya share fuska da gefen riga. Ya ɗauki itatuwan ya riƙe su har suka yi ɗumi. Sannan ya sunkuya ya ajiye su a ƙasa da hannunsa a hankali, ɗaya a kife, ɗaya rigingine. Bai iya ɗaga ido ya dubi allon ba.

Ƙofa ta yi ƙara. Baozhu ce, ashe tana tsaye a waje tun shigarsa. A cikin shirun nan ta ji faɗuwar itace a kan siminti duk lokacin da ya jefa, ta kuma ji cewa bayan kukan babu abin da ya faɗi. Ta dubi ƙasa, ta dubi mijinta da ƙura a gaban rigarsa.

"Ya yarda?" ta tambaya.

"Ya yarda."

Ta matso ta kama shi a hammata ta ɗaga shi tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kakkaɓe masa riga da jajayen hannuwanta. Sannan ta ce bari ta je ta gaya wa Mingda kafin a rufe ofishin rajista.

Ba da jimawa ba aka tada injuna. Shuiwang ya tsaya har turaren ya cinye, don ba a barin mamaci yana cikin ci. Ya so ya ce wa mahaifinsa sai gobe, kamar kullum, amma ya kasa. Ya ja ƙofar ya koma bakin aiki.