Ƙwarin Mennana a Gonar Ayashi

A garinmu, can saman duwatsun Rif, tun kakanni ake noman kif, wato tabar wiwi, kuma tun kakanni ake yinsa a ɓoye. Shekarar da aka fara ba da lasisin nomansa don haɗa magunguna, magidanta goma sha ɗaya suka kafa ƙungiya, suka ba Ayashi shugabanci saboda shi ya iya magana da jami'ai. Kamfanin da zai sayi amfanin ya kafa sharaɗi guda mai tsauri: za a yanki ganye daga kowace gona a kai ɗakin gwaji, in aka sami ɓurɓushin maganin feshi a gonar mutum ɗaya, to an ƙi na kowa. Ayashi da bakinsa ya karanta wa mutane wannan sharaɗi a ƙofar masallaci, har ya maimaita.

Farkon watan Yuni sai darɓa ta sauka, kuma a gonar Ayashi ta fi yin ƙarfi. Ganyen ya fara nannaɗewa yana danƙo, in ka juya bayansa sai ka ga ƙananan ƙwari sun yi cincirindo, tururuwa na hawa da sauka a karan. Kwana huɗu yana bin layi yana murtsuke su da yatsa. Ranar Litinin ya sauka kasuwa, ya dawo da wata kwalba a cikin hular da ke ɗinke a bayan jallabiyarsa, bai gaya wa kowa ba.

Ƙanwarsa Mennana ce ta gan shi. Mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce, ita ke riƙe da gidanta da lambun da ke ƙasan gonar Ayashi, inda take shuka wake da tumatir da na'a-na'a. Ta hau da safe da nufin karɓar aron gatari, sai ta tarar da shi durƙushe gindin ɓaure yana zuba ruwa a famfon feshi, kwalbar na ajiye a kan dutse ba a buɗe ba.

Ta ce, "Yaya, ina kwana. Shugaba da kansa yau da feshi?"

"Lafiya lau. Me kike so?"

"Gatari na zo aro, amma ya jira. Mene ne a kwalbar nan?"

"Ba ruwanki."

"Da ruwana. Iska daga nan take gangarawa lambuna, kuma na'a-na'ar nan ita kake sha a shayi."

Ya ce mai shagon da ya sayar masa ya tabbatar masa maganin yana bin iska cikin sati uku, babu injin da zai gano shi. Mennana ta tambaye shi ko mai shagon yana cikin mutum goma sha ɗayan nan. Ya tashi ya ja ta cikin gona, ya juya mata ganye.

"Duba da idonki. Kuma ba su kaɗai ba ne, ga wasu munanan sun ƙaru. Jiya kaɗai na kashe sun fi ɗari."

Ya nuna mata wani ƙwaro dogo baƙi, mai ƙaya-ƙaya da ɗigon ruwan lemo a baya, yana rarrafe cikin darɓar. Ya kai yatsa zai murtsuke shi, ta riƙe masa hannu.

"Tsaya ka kalle shi tukuna."

Suka tsaya, kai da kai a kan ganye ɗaya. Ƙwaron ya kama darɓa guda, ya tsotse ta, ya yar da ɓawon, ya kama ta gaba. Kafin Ayashi ya miƙe, ƙwaron ya cinye uku.

Mennana ta ce, "Ka san jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigon baƙi da muke ɗorawa a tafin hannu muna yara? To ɗansa ne wannan. Kwana huɗu kana kashe ma'aikatanka, Yaya. Su da ba sa neman abincin rana ma."

"Wa ya gaya miki?"

"Wakena. Shekara nawa ina kallonsu."

Ayashi mutum ne mai son girma, amma ba ya musu da abin da idonsa ya gani. Ya ce to ko da haka ne, waɗanda suka rage ba za su iya da gona guda ba. Ta ce ya ba ta kwana goma, in gonar ba ta farfaɗo ba ya yi abin da ya ga dama, amma a gaban sauran mutum goman, ba a gindin ɓaure ba. Ya zubar da ruwan famfon, ya maida kwalbar cikin hula.

A ranar suka fara. Mennana ta sauka lambunta da kwando, ta riƙa tsinko ganyen waken da 'ya'yan ƙwaron ke kai, da waɗanda ke ɗauke da ƙwai rawaya a jere, ta rufe da ɗankwali ta hau da su. Sawu biyar ta yi kafin azahar. Suna bin layi suna saƙala ganyen a rassan kif. Ta sa shi ya kwaso toka daga tanderun burodin gidaje uku, suka zagaye gindin kowace shuka, domin a cewarta tururuwa ce ke gadin darɓa saboda zaƙin da take lasa, ita ke korar masu cin ta.

Layuka biyu na can ƙasa sun riga sun yi nisa. Su ta ce a wanke da baƙin sabulun zaitun, wanda ake zuwa wanka da shi, a narka cikin ruwa da dakakkiyar tafarnuwa, a fesa da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ayashi ya ce ai sai a fesa wa gonar duka a huta. Ta ce sabulu bai san na gida da baƙo ba, zai kashe har waɗanda ta sha hawa ta kawo.

Mufaddal, maƙwabcinsu wanda shi ma ɗan ƙungiya ne, ya biyo ta hanya da alfadarinsa, ya tsaya yana shaƙar iska, ya kira shi da "Si", wato Malam a bakin mutanenmu.

"Si Ayashi, gona ce ko gidan wanka? In kawo soso?"

Ayashi ya ce, "Kawo, ka fi gonar buƙata."

"Ita kuma Mennana kiwon ƙwari ta koma? Nawa garken?"

Ta ce, "Je ka juya ganyenka, Si Mufaddal, ka dawo mu yi ciniki."

Ya tafi yana dariya. Bayan kwana biyu matarsa ta zo lambun da kwando.

Kwana na biyar babu wani canji da ido zai gani, Ayashi ya daina yi wa ƙanwarsa magana sai gaisuwa. Ita ko a jikinta. Kullum ta hau, ta sabunta tokar inda iska ta share, ta sauka. Kwana na takwas ya same ta tana ba tumatir ruwa, ya miƙa mata wani reshe. Sabon tohon da ke kai ya fito a miƙe, kore shar, bayan ganyen kuma sai busassun ɓawo.

Ya ce, "Na sama duk haka suke."

"Na ƙasa fa?"

"Layi ɗaya ya tafi. Na tuge shi na ƙona."

"Allah Ya mayar da alheri. Ka ci abinci?"

Ta zubo masa miyar wake da man zaitun a kai, ya zauna a dakalin lambu ya cinye da burodi.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Ayashi ya tsayar da 'yan ƙungiya. Ya fito da kwalbar, murfinta a liƙe, ya ajiye a gabansu, ya ce shi ya saya kuma saura kaɗan ya fesa. Wasu suka sunkuyar da kai, har mutum biyu suka ce su ma akwai irinta a gidajensu. Aka tattara guda uku, Mufaddal ya ce zai mayar wa mai shagon ranar kasuwa. Daga nan aka yanke cewa duk wanda ya ga ƙwaron da bai sani ba, kada ya kashe, ya sa shi a kwalin ashana ya kai wa Mennana.

Cikin Agusta wata mata daga kamfanin ta zo da almakashi da ledoji, ta yanki ganye gona-gona tana rubuta lamba. Sakamakon ya ɗauki sati biyu, kuma gonaki goma sha ɗayan duk sun wuce. Mennana ba ta wurin da aka karanta takardar. Tsutsa ta shiga tumatirinta a makon, tana can tana tsince su ɗaya-ɗaya tana watsa wa kaji.