Mujiyar da Jatau Ya Kora

"Ba ka zuba shi cikin lambun ga," in ji Sahabi.

"Na ubanka ne kai ɗai?"

"Ubanmu guda, Yaya. Yi hankali da bakinka."

Jatau ya tsaya riƙe da ƙoƙo. Dusa ce a ciki, ya kwaɓa ta da dakakkiyar saiwar tururuɓi, wadda ko tunkiya ta lasa sai ta miƙe ƙafa. Shekarar da aka fara zancen jirgin ƙasa zai iso Gusau ce. Gero bai yi ba a Kucheri. Dankalin fadamar nan ne zai kai gidansu damina, shi kuma kusu da gafiya sun mai da shi nasu. Kowace kunya ka tona, rabin dankali ne da shaidar haƙori.

"Kusu ya ci, ya mace," in ji Sahabi. "Bushiya ta ci. Fakara ta ci. Karen Jibo Bafillace ya ci, Jibo ya zo da sanda. Kyanwar Inna ta ɗauki mushen kusu. To?"

"Wagga kyanwa? Ta taɓa kama wani abu ban da barci?"

"Mushe dai tana iyawa."

Jatau ya sauke ƙoƙon. Sunan kyanwar Maijidda, kuma uwarsu, Inna Saude, ta sha faɗi cewa wanda ya taɓa ta ya nemi wata uwar.

Suka kai ƙara gida. Inna na kaɗi, Maijidda na kwance a cinyarta kamar wadda ta yi noma.

"Can da babu kusu a lambun nan," in ji Inna. "Wa ya tura wa mujiya hayaƙi a kogon kuka? Wa ya liƙe kogon da laka?"

"Kuka take yi, Inna," in ji Jatau. "Matata Wasila na da goyo lokacin."

"Mujiyar ka aura da za ka hana ta kuka? Ita ke cinye maka kusu, kai ko godiya. Yaji ta yi. Ka tafi biko."

"Bikon tsuntsuwa?"

"Da babbar murya. Tana da kunne."

Washegari da hantsi Jatau ya hau kukar da ke bakin lambu ya fasa lakar. Sahabi ya kafa dogayen sanduna masu gwafa tsakanin kunyoyi, inda tsuntsu zai sauka ya duba ƙasa, ya nome ciyawar gefen darni da kusu ke ɓuya. Sannan Jatau ya cire hula, ya fuskanci kogon da babu kowa a ciki.

"Baiwar Allah, a yi haƙuri."

"Ba ta ji ba," in ji Jibo daga bayan darni, ya jingina da sandarsa. Mata masu ɗibar ruwa suka sauke tuluna don su ji daɗin dariya.

"A yi haƙuri! A dawo ɗaki!"

Kafin la'asar labari ya kai Bilbis. A kasuwa har ana tambayarsa ko an sa rana.

Ta dawo kuwa. Ɓarna ta ragu, dankali ya sake yaɗo, ba wanda ya mutu sai kusu. Amma ba kogon kuka ta koma ba. Tsamiyar cikin gida ta zaɓa, reshen da ke daidai kan ɗakin Wasila, matar Jatau. Can lambu take farauta, nan take yini. Kowace safiya akwai curin gashi da ƙasusuwan kusu a bakin ƙofa.

Wasila ga tsohon ciki. Ta share, ta share, ran nan ta jefar da tsintsiya ta ɗaure kayanta.

"Ba ni haihuwa ƙarƙashin wannan abu. Kai ka kira ta, kai za ka sallame ta. In ba haka ba ina Bungudu gidanmu."

Jatau ya zari karan dawa daga murhu, wuta na ci a bakinsa, ya tsaya gindin tsamiya. Mujiyar ta buɗe ido ɗaya ta dube shi, ta rufe. Daga nan ana hango fadama, ganyen dankali ya rufe kunyoyi shar. Wasila na bakin zaure da ƙunshi a ka. Inna ba ta ɗago daga kaɗinta ba.

Sahabi ya matso, ya rage murya.

"Yaya, guda dai za ta tafi yau. Wane bikon kake iyawa?"