Kyanwar Badaru da Abincin Batsari

Badaru mahauci ne a kasuwar Batsari, dogon mutum mai kaurin wuya wanda ba a san shi da magana ba. In ka yi mashi sallama zai amsa, in ka taya nama zai girgiza kai ko ya ɗauki wuƙa, iyakarta ke nan. Matarsa Nazifa ta daɗe da haƙura. Takan ce duk mai son jin muryar mijinta sai dai ya bari ya ja shi salla.

Yana da wata farar kyanwa mai baƙin kunne ɗaya, wadda ta zo rumfarsa tun tana ƙarama ta zauna ƙarƙashin teburi. Bai sa mata suna ba. "Ke" yake ce mata, ita kuma ta san da ita ake. Gidansa bayan kasuwa yake, don haka kowace safiya sai ta bi kan katanga ta riga shi isa. Tun zuwanta ɓera bai ƙara leƙa rumfar ba.

Da damina ta faɗi sai kyanwar ta fara amai, ba kuma a ɓoye ba. Takan jira sai mai saye ya tsaya, ta fito ta miƙe wuya, ta yi ta kakari kamar injin ban ruwa da ya ƙi tashi, sannan ta ajiye abin da ta ci a gaban takalmin mutum, ta koma gefe tana lasar hannu.

Wata ranar kasuwa ta yi wa wata mata haka, bayan an riga an ƙulle mata nama a leda. Matar ta dubi ƙasa, ta dubi teburi.

"Malam, wannan naman ta ci?"

Badaru ba ya ƙarya. Ya ce, "Shi."

Ta ajiye ledar a hankali ta wuce. Kafin la'asar kowa ya ji cewa naman Badaru ko a cikin kyanwa ba ya zama.

Washegari ya sa ta a kwando ya kai wa malamin dabbobi, wanda ya fi sabawa da shanu da tumaki. Malamin ya buɗe mata baki, ya matsa cikinta, ya ɗura mata maganin tsutsa. Ya ce ba zazzaɓi, ba ta kuma rame ba.

"Haɗama ce ke damunta," in ji shi. "Haɗiya take, ba ta taunawa. Ka rage mata kitse, ka riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. In ka ga jini, ko ta daina shan ruwa, ka dawo da ita da wuri."

To, mutumin da ya saba saɓa cinyar sa a kafaɗa, abin da yake kira kaɗan ya isa ya ƙosar da ƙato. Badaru ya ci gaba da cika mata kwano, ya dai canza abin da ke ciki. Ya sayo koko wurin Fanta mai koko ya zuba mata. Ta shanye tas, ta fito gaban rumfa ta mayar. Sammani mai balangu, maƙwabcinsa a kasuwa, ya sunkuya ya duba da kyau, ya ɗago ya ce, "Wannan ai kokon Fanta ne."

A ranar, Fanta ta koma gida da rabin bokiti.

Sai ya gwada soyayyen kifi na wurin Hamidu. Shi ma ya dawo, Sammani ya shaida shi. Ya gwada burodi da madara na mai shayin bakin tasha. Ya gwada danwake. Duk abin da ya bi ta cikin kyanwar nan sai mai shi ya yi kwanaki yana korar ƙuda shi kaɗai.

Daga nan sayen abinci ya gagari Badaru a garinsu. In ya tsaya gaban mai ƙosai sai ta rufe kwano ta ce, "Kai za ka ci, ko ita?" In ya ce shi ne, sai ta ce ya ci a nan tana gani. Haka zai tsaya, magidanci da gemunsa, ya cinye a tsaye, ya buɗe mata tafin hannu. Mai shayi kuwa ba ya barinsa ya tashi sai ya ga ya haɗiye, don an ce yana iya ɓoye burodi a kumatu. Nazifa ta aika a sayo mata daddawa, aka dawo da saƙon tambaya ko kyanwa na shan miya.

Ran nan Nazifa ta ajiye mashi ruwan alwala ta ce, "Maigida, ka kai ta Zakka wurin Yaya Hansai. Can ba mai sayar da komai, ta yi ta yi."

Ya jawo ruwan ya fara alwala. Nazifa ta san halinsa, wannan yarda ce mai ciwo.

Ya ɗaure kwando a bayan babur da sassafe, ya bi ayarin masu zuwa wajen Safana, don hanyar ba a binta mutum ɗaya yanzu. A wani shinge 'yan sintiri suka tambaye shi abin da ya ɗauko. Ya ce, "Mara lafiya." Suka leƙa, suka ga ido biyu na kallonsu, suka yi mata sannu suka ɗaga sanda.

Hansai yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, tana zaune da awakinta da rumbu ɗaya. Duk maganar da aka raba a gidansu ita ta kwashe, har da rabon Badaru. Kafin ya kashe babur ta tambaye shi Nazifa da yara da ciniki da ruwan bana, ta kuma amsa wa kanta duka. Ya miƙa mata kwandon ya ce, "Amai take." Ta ce ai kowa ma yana yi, ya bar ta.

Ya dawo gida. Ciniki ya fara dawowa, mai ƙosai ta koma ƙulle mashi a leda. Amma in ya yanke wani guntu ya jefa ƙarƙashin teburi bisa sabo, sai ya ji ba motsi, ya sunkuya ya ɗauke abinsa.

Bayan 'yan makonni sai mutanen Zakka masu cin kasuwar Batsari suka zo da labari. Kyanwa tunda ta je ba ta yi amai ko sau ɗaya ba, ta yi ɓul-ɓul, gashinta na sheƙi. Ba su tsaya nan ba. Suka fara zuwa kasuwa da furarsu a jarka da ɗumamensu a ƙunshe, su zauna gindin bedi su ci a gaban masu abinci. In an yi masu tayi sai su ce, "Mun gode. Mun ga yadda abincin garin nan ya yi da baiwar Allah."

Da abin ya tashi daga kan mutum ɗaya ya hau kan gari, Malam Daudu, dattijon mahauta, ya aika a kira Badaru. Ya same shi zaune da Fanta da Hamidu da mai shayi, kowa fuska ba walwala.

Malam Daudu ya ce, "Badaru, ka je ka ɗauko kyanwar nan. Ta ci abincin Batsari a gaban jama'a, ta riƙe shi."

"Baba, sun hana ni saye."

Fanta ta ce, "Yanzu kyauta za mu ba ka. Ka dai gano abin da ake yi mata a can."

Ya sake hawa babur. Ya isa Zakka da hantsi, ya tarar da Hansai zaune kan tabarma da ɗan ƙaramin kwano a cinya, kyanwa na zaune a gabanta.

"Yaya, me kike ba ta?"

"Me zan ba ta? Ɗumame ne da ɗan naman da kake aiko mani."

Namansa ne ashe. Ya nemi turmi ya zauna yana kallo. Hansai ta tsinko loma kamar ƙwayar gyaɗa, ta kai hannu za ta miƙa, sai ta tuna akuyar maƙwabta da ta shiga mata gona. Ta shiga ba kyanwa labari tun daga uwar akuyar, hannu na yawo sama da ƙasa, kyanwa na bin lomar da ido. Sai da akuyar ta fita daga gonar sannan lomar ta sauka. Ta biyu ta jira labarin wani biki a Darini da aka raba shinkafa ba mai. Ta uku ta jira ciwon gwiwa. Ɗan kwanon nan bai ƙare ba sai da inuwa ta koma ƙarƙashin mutum. Kyanwa ta sha ruwa, ta miƙe ta yi barci.

Badaru ya gane abin da malamin dabbobi yake nufi da kaɗan-kaɗan. Ya ce zai tafi da ita. Hansai ta ce ya riƙa kawo ta ziyara, don ba ta taɓa samun mai sauraro irinta ba.

A gida ya gwada yin abin ba tare da magana ba. Bai yiwu ba. Hannun mahauci ba ya jira. Da kyanwa ta yi ɗan kuka sai ya ga ya riga ya miƙa, kafin ya ankara kwano ya ƙare, ta je bakin rijiya ta mayar. Kashegari bayan la'asar ya zauna tsakar gida, ya riƙe loma, ya gyara murya.

"To," ya ce.

Kyanwa ta dube shi.

"An yi ruwa jiya."

Ya daɗe yana neman na gaba. Can ya ce, "Da yawa." Ya miƙa mata.

Nazifa na madafi tana jin su, ta daina motsa ludayi. A ranar farko bai wuce ruwa da kwatar yanka ba. Kwana kaɗan sai ga shi yana gaya wa kyanwa yadda babansa ya koya mashi fiɗa, da yadda ya so ya zama direban babbar mota aka hana shi, da cewa Sammani yana cika gishiri. Aman ya ragu. Takan yi jefi-jefi, in ta lashi gashinta da yawa, sai ya riƙa taje ta da tsohon matajin Nazifa.

Ranar gwaji aka shimfiɗa buhu gaban rumfa. Fanta ta kawo koko a murfi, Hamidu ya kawo kifi ba ƙaya, Badaru ya yanko jan nama ba kitse. Mutanen Zakka suka tsaya a gaba, na Batsari a baya. Badaru ya tsinko loma, ya manta da jama'a, ya fara ba kyanwa labarin wani bajimi da ya ƙwace a kwata tun shi Badaru yana saurayi. Da farko mutane sun yi tsit, don da yawa ba su taɓa jin ya haɗa jimla biyu ba. Amma Badaru sabon shiga ne a harkar labari, ba ya tsallake komai, har launin igiyar da wanda ya saƙa ta. Rana ta take. Masu sayayya suka zame ɗaya bayan ɗaya. Mutanen Zakka suka ce za su rasa ayari, suka tafi. Fanta ta koma kan bokitinta. Lokacin da kyanwa ta cinye ta kwanta lafiya, Malam Daudu kaɗai ya rage, shi ma yana gyangyaɗi kan benci.

Da ya farka ya tambaya, "Ta riƙe?"

"Ta riƙe, Baba."

"To, na shaida."

Maganar ta mutu daga nan, don ba wanda yake son a sake gwajin.

Badaru bai daina zaman la'asar ba. Wata rana yana riƙe da loma, ya rage murya ya gaya wa kyanwa cewa shi tunda yake bai taɓa son miyar kuɓewa ba, kunya ce ta sa yake ci. Nazifa na shanya a bayansa. Tun tana amarya take yi mashi miyar nan duk Juma'a, don uwarsa ta ce mata ita ya fi so.

Ta ajiye zanen da ke hannunta a kan igiya, ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna kusa da shi.

"Maigida, saura loma nawa?"

Ya leƙa kwanon. "Da saura."

"Miƙo shi nan," ta ce. "Ni ma ina da magana."

Ya miƙa mata. Ta tsinko 'yar mitsitsiya ta riƙe a sama, kyanwa ta gyara zama, Nazifa ta fara tun daga ranar da aka kawo lefenta.