Dariyar Zinariya

Zinariya mai waina ce a bakin titin Limawa, kuma duk Dutse an san dariyarta. Wani ne ya ɗauke ta a waya tana ƙyaƙyatawa, wushiryarta a waje, aka mayar da hoton sitika. Ko gardamar ƙwallo ake yi, sai ka ga an cillo fuskarta. Ita ma abin dariya yake ba ta.

Wata safiya ƙanwarta Hindatu ta miƙo mata waya tana kuka. An zana ta zanen katun, fuskar tata ce sak, amma tsirara, an haɗa ta da wani dodo ana aikata batsa. Mutane sai alamar dariya suke sakawa a ƙasa.

Zinariya ta miƙe tsaye. Ta ɗaure gyale a ƙugu ta nufi shagon cajin Fa'izu, inda aka ce daga nan abin ya bazu.

Yayanta Hussaini ya riga ta, shi da abokansa 'yan adaidaita. Sun janyo Fa'izu sun kwantar a kwata, Hussaini na kirɓarsa da gora, wani na take masa fuska. Jini ya jiƙe masa riga sharkaf.

"Wallahi turawa kawai na yi!" Fa'izu yake ihu. "Zuhair ne ya zana!"

Zuhair, wani matashi mai zanen allunan shaguna, yana cikin taron yana ɗaukar dukan a waya. Ya juya zai gudu, Zinariya ta cafko wuyan rigarsa ta maka shi da ƙasa. Ta rarumo rabin bulo ta sauke masa a yatsu. Ƙashi ya ce ƙaras.

"Anti Zinariya, wasa ne! Kowa ma ana yi masa!"

"Har da uwarka?" Ta ƙara masa.

Za ta ɗaga na uku Alhaji Yahuza, dattijon unguwar, ya riƙe bulon. "Ya isa, 'yata. Kisa za ki yi."

'Yan sanda suka kwashe su. Hannun Zuhair ya shanye, Fa'izu ya rasa ido ɗaya, Hussaini ya yi watanni a gidan yari. Zinariya dangi suka yi belinta, amma ba ta sake hura wutar tanda ba, ko ƙofar gida ta daina leƙawa.

Da ta ji an sallamo Fa'izu daga asibiti, ta dama kunun gyaɗa ta ba Hindatu ta kai masa. Mahaifiyarsa ta dawo da kwanon ko buɗewa ba a yi ba.