Makullan Majo Ilyasu

Damina na kankama, masassara ta sauko wa ƙauyukan arewacin Issawane. Gidan likitan Garin Tanna kuwa ma'aikata biyu gare shi: Mansura ungozoma, sai majo Ilyasu, shugaban wurin, da ya shekara goma sha ɗaya nan.

Ana cikin haka aka turo musu darussa ta salula, wai na koya wa ma'aikatan lafiya yadda za su rage gajiyar zuciya. Rezo, wato layin waya, ba ya kamawa sai kan tudun bayan rijiya. Can Mansura ke hawa bayan azahar, ta saurara tana cin gyaɗa.

A darasi na huɗu, muryar wata mata ta lissafo alamomin wanda aiki ya cinye: barci ya ƙaurace masa, fushi ba dalili, ya daina jin tausayin mai ciwo. Mansura ta tsaya da tauna. Jiya-jiyan nan wani yaro ya cika a hannun majo. Ya zare ƙarin ruwan, ya ce, "Na gaba," ko kallon uwar bai yi ba. Mutumin da a da yake bin gawa har maƙabarta.

Ta same shi a ɗakin magani, zaune kan kwali, ya zuba wa bango ido.

"Majo, don Allah ka saurari wannan. Kamar da kai take."

Ya kara a kunne har ta ƙare, ya miƙo mata.

"Gaskiya ta faɗa, ƙanwata. Ta ce in huta. To, wa zai tsaya?"

"Mu rubuta a turo mana wani."

"Sau shida na rubuta."

Ranar kasuwa da hantsi, mata sun fi hamsin a ƙarƙashin rumfa, kowace da goyo, majo ya fito ba farar riga. Ya danƙa wa Mansura makullai: na ɗakin magani, na firijin rigakafi, na moto, babur ɗin aiki.

"Ki yafe mini. Hannuna ya fara rawa in na kama allura. Gara in tafi tun ban kashe ɗan wani ba."

Ya hau motar 'yan kasuwa mai zuwa Mayahi. Bai waiwayo ba.

Mansura ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ta fara jan numfashi sau biyar, a hankali, yadda darussan suka koya mata. A na uku aka fara buga ƙofar. Ta share fuska da gefen mayafi, ta buɗe. Wata tsohuwa ce riƙe da jikanya, jikin yarinyar zafi rau, idanu sun kafe.

"Shigo da ita, Inna," in ji Mansura.