Jan Tsumman da Hajiya ta Ƙone

Motar nan ta daɗe a ƙofar gidanmu a Rano, har kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin yin ƙwai. Gingimarin surukina ce, marigayi, irin mai bodin katako. Ranar da maigidana Malam Ishiyaku ya ce zai tayar da ita ta riƙa ɗauko hatsi daga Tarai da Nariya, na ce masa, "Malam, ana tayar da gawa ne?" Ya ce baƙin cikina ya yi yawa. Na ƙyale shi, don in namiji ya sa abu a ransa ko liman ba ya cire masa.

Ramalan bakanike ne ya karɓi aikin. Inji bai ba su wahala kamar ƙafafu ba. Ramalan ya so a sa mata rim na zamani, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, kowa ya huta, Malam ya ce sam, yadda babansa ya tuƙa ta haka yake son ganinta. Suka yi ta zaryar Kano wurin masu tsofaffin kayan mota, yau su dawo da rim, gobe su mayar su ce ya lanƙwashe, jibi su zo da taya Ramalan ya ce gefenta ya tsage. Zaurenmu ya cika da ƙarafa, mutum bai isa ya shigo ba tare da ya buge ƙafa ba.

Rim ɗin irin waɗannan tsofaffin motoci ba guda ɗaya ba ne. Akwai wani zoben ƙarfe, faɗinsa kamar bakin tukunyar biki, da ake ɗanawa bayan an sa taya, shi ke riƙe ta in iska ta shiga. In zoben ba na rim ɗin ba ne, iska na cika sai ya tashi. Wannan ba a bakin kowa na ji ba. Ina budurwa aka yi a tasha, zobe ya tashi da wani mai faci yana tsugune a kansa. Ban ga gawar ba, amma na ji ƙarar daga gidanmu, daga baya kuma na ji kukan matarsa.

Ɗana na fari faci yake yi a Kibiya, a bakin titi, ƙarƙashin wata rumfar kwano. Sunan surukina aka sa masa, mutane suna ce masa Baballe. Ku riƙe shi da kyau, don ba zan yi ta maimaitawa ba. Ɗan fari ne, tun da na haife shi sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, "ɗan Hajiya" nake cewa, don a ɗakin kakarsa Hajiya Saude, uwar Malam, ya tashi. Malam ya ce a kai wa yaron tayoyin ya haɗa ya buga iska, wai aikin gida ba a kai wa bare. Hannunsa na da kyau, amma babura da ƙananan motoci ya saba da su. Irin wannan rim ya girme shi.

Ranar Laraba da yamma ina tankaɗe, Hajiya ta shigo tana dogara sandarta, fuska a ɗaure.

"Jumai, maƙiya sun fara," ta ce. "Na tsinci jan tsumma an ƙulle shi a jikin ƙarfen motar nan a zaure. Ƙulli uku. Tun marigayi na da rai suke bin motar nan da sammu."

"Me kika yi da shi, Hajiya?"

"Na kwance da hannun hagu, na tofa masa addu'a, na jefa a murhu. Me kike so in yi da shi, in yi ɗankwali?"

Na ce Allah ya tsare, na ci gaba da tankaɗena. Hajiya ko kyankyaso ta gani ya kwanta rigingine sai ta ce turo shi aka yi.

Washegari da sassafe Malam da Ramalan suka tafi Kano zaɓo kayan birki. Hantsi na yi, mai a-kori-kura ya zo ya kwashe rim da tayoyi da zobba duka, ya nufi Kibiya da su. Ina wanke-wanke wajen azahar wayata ta yi ƙara. Malam ne, bayansa hayaniyar kasuwa.

"Jumai, mun manta. Ramalan ya ce akwai zobe ɗaya da ya ɗaura wa jan tsumma. Ba na rim ɗinmu ba ne, mayarwa za a yi. Ki duba zaure, in an zo ɗaukar kaya kada a haɗa da shi."

Kwanon da ke hannuna ya faɗa cikin ruwa.

"Malam, an kwashe tun da safe. Tsumman kuma Hajiya ta ƙone shi jiya."

Na ji Ramalan ya karɓe wayar, muryarsa ba yadda na san ta ba. Ya ce da ido ba a gane shi, bambancin bai fi kaurin farce ba, shi ma sai da ya gwada ya ji bai zauna ba. Ya ce in kira yaron yanzu, kada ya buga wa ko ɗaya iska.

Na kira, tana shiga ba a ɗauka. Na sake, na sake. Na san dalili, in injin iskarsa na aiki ko tsawa aka yi ba ya ji, wayar kuma a aljihun rigar da yake ratayewa take zama. Wato injin na aiki kenan. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Hijabi na fizgo, takalmi ƙafa ɗaya nawa ƙafa ɗaya na Hajiya, ban lura ba sai daga baya. Na tare ɗan acaba a bakin titi na ce Kibiya, ka yi gudu. Ya ce, "Hajiya lafiya?" Na ce in bai ja ba in sauka. A hanya ina ta lissafi kamar mahaukaciya. Zobba sun fi rim yawa da ɗaya, ƙila wancan ya rage a gefe bai taɓa shi ba. Ƙila ya tafi cin abinci. Ƙila an riga an yi, shi ya sa ba a ɗauka. Duk motar da ta taho daga Kibiya sai na leƙa cikinta ko an kwantar da mutum. Shanu suka tare mu a hanya, makiyayin yana kaɗa su a hankali abinsa, ni kuwa wallahi da ina da wuƙa da na yanka ɗaya. Bakina ba abin da yake iya faɗa sai Ya Salam, Ya Salam.

Tun daga nesa na ji bugun injin. Na hango rumfar a tsaye, babu taron mutane, na ce alhamdulillahi. Sai na gan shi. Tayoyi a jingine da bango ya gama da su, ɗaya a kwance a ƙasa, tiyon iska a maƙale a jikinta. Yana tsugune, fuskarsa daidai saman zoben, yana ɗan ƙwanƙwasa shi da guduma don ya zauna.

Na diro kafin babur ya tsaya. Na tsaya a tsallaken titi. Na ce, "Kai." Bai ji ba. Na ce, "Ɗan Hajiya." Injin ya haɗiye muryata. Na ga ya ƙara sunkuyawa, ya kai kunnensa kusa da tayar yana sauraro.

"Baballe!"

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Ya ɗago, ya gan ni, gudumar ta suɓuce masa. Bai taɓa jin sunan nan daga bakina ba. Ya miƙe ya taho da gudu, ko injin bai tsaya kashewa ba, ya tsallako titi ya riƙe hannuna.

"Umma, wa ya mutu?"

Ƙarar ta zo daga bayansa, irin wadda na ji ina budurwa, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashina. Muka zube tare. Da ƙura ta lafa, rumfar babu rabin rufinta, zoben ya yanka kwanon ya wuce. A bayan wani shago yara suka tsinto shi. Gudumar tana nan inda ta faɗi. Ya kalli wurin, ya kalle ni, sai ya zauna a ƙasa. Ni kuwa na riƙe kansa ina shafa fuskarsa a gaban mutane, kunya ko ɗis ban ji ba.

Da la'asar muka dawo Rano tare. Labari ya riga mu isa, tsakar gida cike da mata. Hajiya ta jawo jikanta ta duba shi sama da ƙasa, ta tofa masa addu'a, hawaye na bin kuncinta. Sannan ta juyo gare ni.

"Kin gani ko, Jumai? Ki ce na cika zargi. Da ban ƙone tsumman nan ba, ai da yanzu zaman makoki muke."

Matan suka ce haka ne, Allah ya saka wa Hajiya. Saura kaɗan in faɗa mata gaskiyar tsumman. Na dubi hannunta da ke riƙe da rigarsa. Tsohuwar nan ita ta goya shi, in ta san abin da ta kwance ba za ta kai damina ba.

Na durƙusa na cire takalminta daga ƙafata na ajiye mata.

"Haka ne, Hajiya," na ce.